Lambobi Huɗu a Gefen Taya

Duk wanda ya taɓa tafiya hutun ƙarshen shekara ya san yadda tasha take da asubahin hunturu. Kowa ya naɗe kai, leɓe ya tsattsage, ana ta murza hannu a gaban mai shayi, hankali duk ya riga jiki isa gida. A irin wannan safiya, cikin watan Disambar 2022, na yi wani shiru da har yau bai daina damuna ba.

Ni ɗan Kebbe ne. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direba ne, yana jigila da wata tsohuwar Sharon tsakanin Sakkwato da Tambuwal da Kebbe. Tun da na shigo makarantar nan ban taɓa biyan kuɗin mota ba. In hutu ya zo, waya kawai zan yi masa ya ajiye mini kujerar gaba. Wannan alheri nasa shi ne ya ɗaure mini baki ranar da ya kamata in yi magana.

Makonni kaɗan kafin tafiyar, wani malaminmu ya gangaro da tsohuwar taya cikin aji, ya ce yau ita ce littafinmu. Ya nuna mana inda aka rubuta DOT a gefenta, ya bi jerin haruffan da yatsa har zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ke nan in ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Ya ce roba tana tsufa ko ba a taɓa taka ta ba, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take faɗakar da direbobi cewa taya shekara huɗu gare ta daga ranar da aka yi ta. Ya nuna mana wasu 'yan tudu a cikin kwarin zanen tayar. In zane ya suɗe har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki.

Sai ya zo kan darajar inganci. Tayoyi da yawa suna ɗauke da kalmar TEMPERATURE, da harafin A ko B ko C a gabanta, wato juriyar zafi, A ce ta fi. Akwai kuma TRACTION, wato riƙon kwalta in ta jiƙe, daga AA zuwa C. Ya ce mu da muke ƙasar da kwalta ke ƙona ƙafa, harafin zafi za mu fara dubawa. A ƙarshe ya gargaɗe mu kan wata alama, hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Tayar sanyin Turai ce, an yi robarta da laushi don ta kama hanya cikin dusar ƙanƙara. In ta gama aiki a can sai a turo mana ita gwanjo, ta zo nan zafi ya cinye ta da wuri. Hunturunmu na ƙura ne da hazo, da rana kuma kwalta tana ɗaukar zafi kamar kullum.

To, ranar tafiyar, ana ɗaure kaya a bayan mota, na tsuguna gaban tayar gaba ta dama na haska fitilar waya, don kawai in gwada abin da na koya. Na ga 3713. Shekara tara. Ga hoton dutsen nan da ƙanƙararsa, ga 'yan tsage-tsage a gefe kamar kaushin diddige. Iskarta ma ta yi ƙasa, don sanyin dare yana rage iskar taya, masu faci kuwa ba su fito ba.

“Mi kaka dubi nan?” in ji Kawu.

“Ba komi, Kawu. Tayar ce naka dubi.”

“Wagga Beljiyam ta, ta hi sabuwa ƙwari. Shiga mu tahi.”

Na shiga. A raina na ce, mutumin da ya fi shekara ashirin a kan sitiyari, ni da ko lasin ba ni da shi, ga shi kyauta ya ɗauko ni, a gaban fasinja zan gyara masa aiki?

Hazo ya sauka sosai a ranar. Mun wuce Bodinga da Shagari ba ka ganin babbar mota sai ka kusa shiga ƙarƙashinta. A Tambuwal muka tsaya aka sauke mutum biyu, aka ɗauki uku da buhuna. Na sake zagayawa na ɗora hannu a kan tayar, na ji ta fi sauran zafi nesa. Na san dalili: taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar nan ke haifar da zafi, nauyi kuma ya ƙara mata. Wannan ita ce dama ta biyu, kuma ga mai faci nan ya buɗe a tsallaken titi. Na kuma yin shiru.

Ba mu yi nisa da kama hanyar Kebbe ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Mota ta fizgo dama. Kawu bai danna birki ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ɗaga ƙafa daga totur, kuma wannan ne ya hana mu wuntsilawa. Amma hazo ya rufe gefen hanya, bai ga kwazazzabo ba sai da muka gangara ciki. Kowa ya fito yana salati, ban da wata dattijuwa da ke bayana. Hannunta ya karye. Ita ce aka ɗauka a Tambuwal, za ta je sunan jikarta.

Da yamma, bayan mun dawo daga asibiti, muna zaune a bakin garejin da aka jawo motar, na kasa riƙewa na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallona.

“Kai ka gani tun Sakkwato?”

“Awo, Kawu.”

“To mi yah hana ka hwaɗi? Don mi munka sa ka makaranta?”

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Motar ta yi kusan wata uku a gareji. Kuɗin gyara da na asibiti sun ninka kuɗin sabuwar taya sau da yawa, sai da ya sayar da raguna biyu. Na san wani zai ce abin da aka ƙaddara sai ya faru, kuma haka ne. Amma ni na san abin da idona ya gani, na san abin da bakina ya ƙi faɗa.

Ba don in ɗora wa direbobi laifi nake wannan rubutu ba. Wanda ya sayi gwanjo ba don yana son mutuwa ya saya ba, sabuwar taya ta yi tsada, fetur ya yi tsada, ga kuɗin tasha. Galibi kuma ba wanda ya taɓa nuna musu lambobin nan. Tun daga ranar, ni da Kawu muka yi yarjejeniya. Idan hunturu ya kama, iskar taya da safe ake aunawa da geji, kafin mota ta yi tafiya, har da safaya, ba da bugun ƙafa ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ana kakkaɓe matatar iskar inji akai-akai, don ƙura tana toshe ta. Ba a kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura, karce shi take yi, sai an fesa ruwa. A duba batir, don sanyi yana tona asirin wanda ya raunana, a duba ruwan lagireto da baƙin mai. Cikin hazo kuwa ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawo wa direba da haske a ido. A rage gudu, a bar tazara, kuma kada a ce za a wuce babbar mota alhali ba a ganin abin da ke gabanta.

Hutu ya matso, kwanan nan za mu cika tasha. Yawancinmu ba mu da mota, amma ranmu ne a cikinta. Kafin ka shiga, ko kafin ki shiga, zagaya motar sau ɗaya, minti ɗaya bai cika ba. In ka ga taya ta suɗe, ko ta kumbura a gefe, ko lambobinta sun nuna ta girmi ƙanenka na firamare, ka ja direba gefe ka gaya masa cikin ladabi, ba a gaban jama'a ba. In ya ƙi ji, ka jira ta gaba, gida ba ya gudu. Ka kuma ajiye 122 a waya, lambar gaggawa ce ta hukumar kiyaye haɗurra.

Yanzu in Kawu zai sayi taya, da ni yake zuwa. Yakan tura ni gaba ya ce wa mai shago, “Bari ɗan boko ya karanta muna ita tukuna.” Dattijuwar nan kuwa ta warke, sai dai an ce hannun yana yi mata ciwo duk lokacin sanyi. Allah ya kai mu gida lafiya.