Zanzibar: Na Je Ganin Teku, Na Ga Maigidana

Tun da na dawo daga tafiyar nan ƙawayena suke damuna da tambaya, wasu a gidan biki, wasu ta waya: wai ina ne Zanzibar ɗin nan, yaya ake zuwa, kuma mace mai hijabi me za ta je yi bakin teku? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta, har da abin da ban iya faɗa a gidan biki ba.

Shekararmu 21 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya shida. In ban da aikin Hajji, wanda shi ma tafiya ce ta ayari, maza gefe mata gefe, ban taɓa kwana da maigidana a wani gari mu biyu kaɗai ba. Duk tafiyar da muka yi ko ta gaisuwar mutuwa ce ko ta biki, mota cike da yara da kuloli. Teku kuwa ta tagar jirgi kawai na taɓa hango shi, lokacin da za mu sauka Jidda. Da adashina ya fito a tsakiyar 2024 na faɗa masa abin da nake so. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke da ko Tiga ba ki yarda a kai ki ba?" Amma ya cika kuɗin. Surukata da ta ji, sai ta ce, "Kuɗin da za ku je Umara za ku je ku zuba a ruwa?" Ban ce komai ba, sai dai maganar ta bi ni har cikin jirgi.

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu: Unguja, inda babban birnin yake kuma inda muka je, sai Pemba a arewa. Ɓangare ne na ƙasar Tanzaniya tun 1964 da suka haɗe da Tanganyika, amma suna da nasu shugaban da tasu majalisar. A ƙidayar 2022 mutanensu sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Wannan shi ne abin da ya fara kwantar min da hankali.

Wadda ke da niyya ta fara da biza, kada ta yanki tikiti tukuna. Masu fasfon Nijeriya da na Nijar suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, mu namu ya ɗauki makonni. Akwai katin rigakafin shawara, sannan tun watan Oktoba na 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorarsu ta dala 44. Mun bar Kano a watan Janairun 2025 cikin hazo da kaushi, muka bi ta Adis Ababa, muka sauka cikin wani zafi mai gumi wanda kafin mu isa masauki man da na shafa duk ya narke. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Kwana uku muka yi a tsohon gari, wanda Turawa ke kira Stone Town. Wadda ta san lungunan cikin birnin Kano ba za ta yi baƙunta sosai ba, sai dai nan gidajen benaye ne na dutsen teku, lungun kuma wani ko mutum biyu ba sa jerawa, ga 'yan babur suna ta ƙararrawa a bayanki. Ƙofofin gidajen nan kam sun tsayar da ni. Katako ne mai kauri an sassaƙa shi da furanni da rubutun Larabci, wasu an jera musu ƙusoshin tagulla manya. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, shi ne ya taso da fadarsa daga Maskat ya dawo nan a 1840, shi ya sa jinin Larabawa da Indiyawa da baƙar fata ya cakuɗu a fuskokin mutanen garin da cikin tukunyarsu. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Masallatai kuwa, kiran salla daga ko'ina yake zuwa miki. Yawancinsu mazhabar Shafi'iyya suke bi, to kada ki yi mamaki in kin ga ɗan bambanci a sallarsu.

Matan garin suna fita cikin baƙar abaya da suke kira buibui, ko su yafa kanga, wani zane mai ɗauke da rubutun karin magana a gefensa. Aka ce min da shi mata ke yi wa juna habaici ba tare da sun buɗe baki ba. Na ce ashe ko'ina da irin tasu! Babu wanda ya kalli hijabina sau biyu. Harshensu na Suwahili ma yakan ba ki dariya, domin kina tafe sai ki tsinci kalmarki: sabulu su ce sabuni, labari su ce habari, duniya dunia, Alhamis Alhamisi. Amma ki yi hattara da ƙirgen lokacinsu. Daga fitowar rana suke fara lissafi, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu. Direban da zai kai mu gonar kayan ƙamshi ya ce zai zo ƙarfe biyu, muka miƙe ƙafa sai bayan azahar, takwas na safe sai ga mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Wannan gonar ta kunyata ni a matsayina na uwargida. Fiye da shekara ashirin ina jefa kanumfari a kunu da zoɓo da yaji, ban taɓa sanin cewa tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya shi ba. Kirfa ɓawon itace ce, yaron ya kankaro min da wuƙa na shinshina. Masoro yaɗo yake yi ya nannaɗe wata bishiyar. Gyaɗar ƙamshi kuma tana cikin wani ɗan itace, lulluɓe da jan zare. Tsarabata dai a kasuwar Darajani na yi ta, domin ta fi gonar sauƙi, kuma a can ma sai kin taya.

Wuri ɗaya ne na fito ban iya cin abincin rana ba: tsohuwar kasuwar bayi. An rufe ta a 1873 zamanin Sarki Bargash, bayan Ingila ta matsa masa, aka gina coci a wurin. Suka shiga da mu wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, tagoginsu kamar tsaga. A waje akwai gumakan mutane biyar cikin rami da sarƙa a wuya. Abin da ya fi ci min rai shi ne da yawa daga masu wannan fataucin Musulmi ne masu salla irina. Na tsaya ina tunanin uwar da aka raba da ɗanta a nan, ni da kwana biyu kacal na bar autana a hannun ƙanwata amma na kira waya ya fi sau goma.

Daga nan muka wuce Jambiani, wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Farin yashi kamar gari, ruwa kore shar, ga bishiyoyin kwakwa. Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye muku ba: da rana akwai Turawa kwance kusan tsirara, kuma otal-otal da yawa suna sayar da giya. Gwamnati ta sanar da tara a 2021 kan yawo da shigar banza a cikin gari, amma bakin ruwa sai a hankali. Mu ƙaramin masauki muka kama a ƙarshen ƙauye, muka riƙa fita bayan asuba da kuma gab da magariba. Ki tambayi yadda kicin ɗinsu yake kafin ki biya. Kuma ki guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan samansu mai yawa ke nan.

To a nan ne abin ya same ni. A cikin gari akwai abin kallo, kowane lungu da abin cewa. A Jambiani babu komai sai ni da shi da ƙarar ruwa. Daren farko aka kawo mana shinkafa da miyar kwakwa da gasasshen kifi, muka gama kiran yara, muka ajiye waya, sai shiru. Na laluba abin da zan ce na rasa. Shi ma yana ta juya cokali. Sai na gane cewa shekara da shekaru hirarmu ba ta wuce kuɗin makaranta, cefane, gas ya ƙare, wane ba shi da lafiya, wance za ta yi aure. Da aka cire waɗannan sai ga mu zaune kamar baƙi biyu a tasha. Ba mu taɓa faɗan da aka ji mu ba, kowa a dangi da mu yake misali, amma wallahi daren nan na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. Na ce ko dai surukata ce ta yi gaskiya.

Da asuba muka fito, sai na ga teku ya tafi. Ruwan da ke dukan katangar masauki jiya ya janye can nesa, da ƙyar ake hango farin kumfarsa. Haka yake yi sau biyu a rana a wannan gaɓar. A filin da ya bari sai ga mata zaune cikin ruwa iya gwiwa, da ɗankwalinsu da zannuwansu, suna ɗaura wata ciyawa a jikin igiyoyi da aka kafa tsakanin turaku. Mwani suke kiranta. Tun 1989 aka fara nomanta a wannan yankin, kuma yawancin manoman mata ne. Bayan kamar mako shida su cire, su shanya, su sayar, a fitar da ita waje a sa a man goge baki da kayan abinci, wasu kuma su yi sabulu da ita. Wata dattijuwa ta nuna min tafin hannunta duk ya tsattsage, ta nuna rana, ta nuna ciyawar da ta yi fari ta lalace. Ruwan yana ƙara ɗumi, amfanin yana raguwa. Inda na biya kuɗi don in huta, nan ne gonarta.

Muka ci gaba da takawa cikin ruwan, hijabina ya jiƙe har ƙugu. Akwai wasu halittu baƙaƙe masu ƙaya a ƙasa, sai Alhaji ya riƙe min hannu don kada in taka. Rabon da ya riƙe hannuna a waje har na manta. Muna cikin tafiya, bai kalle ni ba, ya ce, "Hajiya, akwai maganar da ban faɗa miki ba." Gabana ya faɗi, kun dai san inda zuciyar mace ke fara zuwa. Ashe wata takwas ke nan likita ya ce masa yana da ciwon suga, maganin a ofis yake ajiyewa don kada in gani hankalina ya tashi. Wata takwas ina zuba masa suga cokali uku a shayi yana shanyewa! Na yi faɗa, na yi kuka, matan mwani suna kallonmu. Da na huce ni ma na fito da tawa: tun da na haifi na huɗu nake son komawa in ƙarasa karatuna na koyarwa, ban taɓa faɗa ba don na ɗauka zai ce wa zai kula da gida. Ya ce shi bai taɓa sanin abin yana raina ba. Muna tsaye muna wannan har ruwa ya fara dawowa, wani yaro ya yi ta ɗaga mana hannu mu fito.

Sauran kwanakin mun je dajin Jozani mun ga jajayen biran nan da babu irinsu sai a Zanzibar, muka je Kizimkazi a kudu inda wani masallaci yake ɗauke da rubutun shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Amma ni abin da na fi tunawa shi ne zaman bakin ruwa bayan isha'i, yana ba ni labarin mahaifinsa da ban taɓa ji ba.

Yanzu maganin yana kan durowar ɗakina, ni nake miƙa masa, tuwon dare kuma ya koma na alkama, rabin malmala. Na cike takardar makaranta. Surukata na kai mata kanumfari da kirfa da kanga biyu. Ta juya zanen ta ce me aka rubuta a jiki, na ce ban sani ba, ta ce to Allah ya sa ba zaginta aka yi ba. Makon jiya ta aiko jikanta wai in akwai sauran kanumfarin nan a ƙara mata, na kasuwa ba ya kama ƙafarsa.