A Ina Za a Sa Ragon?

A tsakar gidanmu da ke Mai'adua akwai wata rumfar kwano da aka kafa a farkon 2019 saboda mota guda ɗaya. Yanzu buhunan dusa da dammunan harawa ne a cikinta. In na zo gida daga Kano na gifta ta gefenta sai in sunkuyar da kai, don ni na jawo kafa ta.

Yayana fataucin shanu yake yi, sana'ar da ya gada wurin Baba. Wanda ya san kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi ya san irin dabbobin da ke shigowa daga Nijar, ta wajen Matamaye da Damagaram, da manyan motocin da ke lodinsu zuwa Kudu. Shekara da shekaru abin hawan Yaya wata Land Cruiser ce a-kori-kura mai shan gas, irin samfurin 70 da Toyota ta fara ƙerawa a 1984. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Amma tana ɗaukar maruƙa, gishirin lasa, jarkokin ruwa da makiyaya shida a lokaci ɗaya, kuma ban taɓa jin ta kwana a daji ba.

Ni ne ɗan bokon gidan, ni ke karance-karance, kuma ni ne kunyar motar nan ta dama. Wata Sallah muka je Daura kallon hawa, muka ajiye ta a layi ɗaya da baƙaƙen jif-jif masu gilashi mai duhu. A hanyar komawa na ce, "Yaya, waɗanda ba su kama ƙafarka a dukiya ba su ke fitowa daga waɗancan motoci, kai kuma kana fama da akwala." Bai tanka ba. Na ga dai maganar ta shige shi, maimakon in yi shiru sai na ƙara mata gishiri.

Wata biyu na yi ina kawo hujjoji, kuma abin takaicin shi ne babu ƙarya a cikinsu. Na gaya masa Lexus LX 570 ai Land Cruiser ce samfurin 200 aka yi wa ado, ƙashin bayansu ɗaya. Na ba shi labarin G-Class ta Mercedes, wadda ta fito a 1979 a matsayin motar soja da aikin daji, yau kuma attajiran Dubai ke yawo da ita. Har yaƙin Chadi da Libiya na 1987 na kawo masa, wanda ake wa laƙabi da yaƙin Toyota. Abin da na tsallake shi ne, motocin da suka yi wancan yaƙi 'yan uwan akwalarsa ne, ba na wadda nake tallata masa ba. Ban kuma tsaya kan injinta na fetur mai silinda 8 da girman lita 5.7 ba, ko ƙafafunta da ke ɗagawa su sauka da ƙarfin mai da na'ura. Na sani sarai, kawai ban so a lalata mini zance ba.

Ya sayar da a-kori-kurar, da wani fili a Daura, da bijimai masu yawa, aka kawo Lexus ɗin daga Kano, ta hannu ce amma tana sheƙi. Unguwa ta cika. Baba, Allah ya jiƙansa, ya dogara sandarsa ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa kujerun fata, ya ce, "To, Allah ya sa alheri. A ina za a sa ragon?" Aka yi dariya, har da ni.

Ba a daɗe ba amsar ta fito. Wa zai jefa buhun dusa kan kujerar fata? Wa zai kutsa da ita cikin ƙayar aduwa da magarya a kankare fenti? Ƙarfi kam tana da shi, ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba, amma ƙarfin da kake tsoron amfani da shi bai tsinana maka komai ba. Yaya ya koma ɗaukar shatar mota duk ranar kasuwa, ita kuma tana rumfa an lulluɓe ta. Sai kuma wani nauyin da ban hango ba: masu neman taimako suka ninka, masu sayar masa da dabba suka ƙara kuɗi, don mai irin wannan mota ba ya neman ragi. Da labarin masu garkuwa da mutane ya yawaita a jihar, ya daina fita da ita bayan la'asar.

A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakoki, ciniki ya ja baya. A Nuwamba kuma hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa a bakin iyakar muke. Motar da ke shan fetur kamar raƙumi ya dawo daga tafiya ta koma dogaro da 'yan bumburutu. Wata rana ta durƙusa ta ɓangare ɗaya a hanyar rugarmu. Bakaniken garinmu, wanda ke warware tsohuwar da sifana biyu da guduma, ya duba ya ce wannan sai mai kwamfuta. Aka ɗora ta a babbar mota zuwa Kano, aka yi mako uku ana neman kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ni na riƙa zirga-zirgar, kuma ko a lokacin cewa nake tsautsayi ne.

Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 shi ya ƙarasa ta. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ya sayar da ita, ya sayi Hilux tsohuwa, ragowar kuɗin ya mayar cikin garke. Filin Daura dai ya tafi.

Sai bara na iya buɗe baki. Muna zaune bakin rumfar na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ba don kai na so motar nan ba, don a ce ni ƙanen mai ita ne." Ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya ce, "Malam, kai ka faɗa, ni kuma da hankalina na biya. Tashi ka kama mini wannan, gobe Lahadi."