Mai Wurno: Ɗan Sarkin Musulmi da Ya Kafa Gari a Bakin Nilu

A watan Yulin 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, cikin ƙasar Gombe, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun ƙi juyowa gida. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya shige musu gaba, suka nausa gabas a ƙafa, mata da goyo, malamai da gafaka a rataye.

Tafiya ta kai su Sudan, bakin reshen Nilu mai gangarowa daga Habasha. Sun fara sauka a Shaikh Talha wajen 1906, daga baya suka haye ruwa suka sari daji kudu da Sinnar. Garin da suka kafa sunansa ya ci: Mai Wurno.

Wani hanzari ba gudu ba, Ingilishin da suka baro a Sakkwato su ne ke riƙe da Sudan. A nan siyasar mutumin ta fito. Ya ga takobi ya gama aikinsa a Burmi, abin da ya rage shi ne jama'a su sami gona da wurin salla. Sai ya zauna da hukuma, ta amince da sarautarsa, ta ba shi ƙasa a gaɓar kogi, shi kuma ya riƙa raba wa duk baƙon da ya iso. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu, mutanenmu suka cika su.

A wancan zamani aikin hajji na ƙafa ne, yakan ci shekaru. Maniyyaci daga Kano ko Damagaram yakan yada zango a Mai Wurno, ya yi cirar auduga, ya ɗaure 'yan kuɗinsa a lalita, sannan ya nufi Sawakin ya hau jirgin ruwa. Wasu ba su ƙara gaba ba. Nan suka yi aure, nan aka binne su.

Akwai masu ganin ya sassauta wa waɗanda suka kashe mahaifinsa. Ni ban ga laifinsa ba. Wanda ya ɗauko dubban marayu da zawarawa daga fagen fama, haƙƙinsu ne a wuyansa kafin fansa, kuma ya sauke shi. Har yau jikokinsa ne ke sarautar garin, ana kuma jin Fulatanci da Hausa a kasuwarsa.