Ranar da Hajiya ta ce in juya kujerar Ummi

Ummi tana da wata 14 a duniya lokacin da kujerarta ta zama abin magana a gidanmu. Tun ranar da muka ɗauko ta daga asibiti a bayan mota take zama, cikin 'yar kujerar nan ta yara da ake ɗaurewa da bel, fuskarta na kallon baya, ƙeyarta na wajen direba. Da take jaririya ba wanda ya damu sosai. Maƙwabta kan leƙo su yi dariya, su ce boko ya yi mana yawa, shi ke nan. Amma da ta fara tafiya, ta fara gane mutane, ƙafafunta kuma suka kai jikin kujerar motar har sai ta naɗe su, sai dariyar ta koma tambaya, tambayar kuma ta koma tuhuma.

Wadda ta fito fili ta faɗa ita ce mahaifiyata. Hajiya ta zo Kaduna ganin likitan ido, ta yi mako uku a wurinmu, kuma duk fitar da za mu yi a baya take zama kusa da jikarta, wadda take kira kishiyarta. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, don haka wata rana a hanyar dawowa daga asibiti sai na ji ta ce, "Wai kai, laifin me kishiyar nan tawa ta yi muku? Kowa na kallon gabas, ita kun juya ta yamma kamar wadda ake horarwa. Dubi ƙafafunta a tanƙwashe. Ka juya yarinyar nan ta ga duniya."

Na ce, "To, Hajiya." Ba a musu da uwa a kan titi. Amma gaskiyar magana ita ce, ni kaina zuciyata ta daɗe tana raya mini haka. Ummi kan yi kuka idan tafiya ta yi nisa, ni kuma ba na ganin fuskarta, sai in riƙa waiwaye ina tuƙi. Ina sha'awar in duba madubi mu haɗa ido ta yi mini murmushi. Akwai kuma wani abu da iyaye ba mu cika amsawa ba: muna ɗokin ganin yaro ya wuce mataki. Ya zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe, an yaye shi. Sai muka ɗauki juya kujera tamkar ɗaya daga cikin waɗannan, kamar wata shaida ce ta cewa yaro ya girma.

Ana gobe za mu mayar da Hajiya Zariya, na fita da daddare da nufin in kwance kujerar in juya ta. Da na haska fitilar waya ina neman inda bel ya ratsa, sai idona ya faɗa kan takardar da ke manne a gefenta, wadda ban sake dubawa ba tun ranar da muka saya. An rubuta cewa yaro zai iya zama yana kallon baya har ya kai kilo 18 ko tsawon santimita 105. Na koma ciki na ɗauko katin rigakafin Ummi. Awon ƙarshe da aka yi mata bai cika kilo 10 ba, tsawonta kuma santimita 76. Ashe ko kusa ba ta kai ba. Na bar kujerar yadda take, na zauna ina karatu har dare ya raba, domin in san abin da zan gaya wa Hajiya, da wanda zan gaya wa kaina.

Abin da na fahimta bai da wuyar bayani. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa ta ci karo da wani abu ta tsaya cak, duk abin da ke cikinta zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Mafi yawan munanan haɗurra kuwa ta gaba suke zuwa. Yaron da ke kallon gaba, igiyoyin kujera za su riƙe kafaɗunsa da ƙugunsa, amma ba abin da zai riƙe kansa. Kan zai fizga gaba, wuya ne zai ɗauki nauyin duka. Kan ƙaramin yaro babba ne idan aka gwada shi da jikinsa. A jariri yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jiki. Ƙasusuwan wuyansa kuma ba su gama ƙwari ba, da sauran guringuntsi a cikinsu, suna iya miƙewa fiye da yadda lakar da ke ratsa su za ta jure. Wanda ke kallon baya kuwa, bugun zai danna shi ne cikin kujerar, kai da wuya da gadon baya su tafi tare, ƙarfin ya bazu a faɗin bayansa gaba ɗaya.

Wannan dabara ta samo asali ne daga ƙasar Suwidin. Wani masani mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwanciya rigingine idan kumbo zai tashi, domin bayansu ya ɗauki matsin, sai ya yi tunanin a yi wa yara haka a mota. A 1964 ya fito da samfurin farko. Har yau a Suwidin yara kan zauna suna kallon baya har wajen shekara 4, kuma ƙasar na cikin waɗanda yara ba su cika mutuwa a haɗarin mota ba. A Amurka, da can ana cewa shekara 1 ta isa. A 2011 Ƙungiyar Likitocin Yara ta ƙasar ta ɗaga zuwa shekara 2, sannan a 2018 ta cire maganar shekaru, ta ce a bar yaro yana kallon baya har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da kujerarsa ta yarda. Ƙa'idar da ƙasashen Turai suka soma aiki da ita a 2013 ta hana juya yaro kafin ya cika wata 15, kuma wannan mafi ƙaranci ne kawai. Duk inda na duba, shawara ta karkata ne ga jinkiri.

Da safe ban kawo wa Hajiya zancen Suwidin ba, domin na san amsar da zan samu: ta haifi bakwai, ta raine su a kan cinya cikin motar haya, ba wanda wuyansa ya karye, Allah ne mai tsarewa. Kuma gaskiya ta faɗa, Allah ne mai tsarewa. Sai na ɓullo ta wata hanya. Muna karin kumallo na ce, "Hajiya, da kike goya mu, me ya sa idan mun yi barci kike jan zani sama har ya rufe mana ƙeya?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Don kada wuya ya langaɓe mana. Ana wasa da wuyan yaro ne?"

Na ce, "To, aikin da kujerar nan ke yi ke nan. Idan tana kallon baya, kamar an goya ta ne an tallabe kanta. Idan na juya ta, na sauke zanin."

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ƙafafun fa?" Na tuna mata yadda muka yi shekaru a makarantar allo ƙafa a tanƙwashe tun safe har hantsi, ba wanda ya gurgunce. Gaɓoɓin yaro na da laushi, zaman da zai gajiyar da babba shi ko a jikinsa. Ko da an yi rashin sa'a ƙafa ta karye, akwai ɗori. Wuya ba ya ɗoruwa. Hajiya ta ce, "Kai dai ka iya tsara magana," ta ci gaba da shan kunu. Ba ta amince ba, ba ta kuma sake umarni ba, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin izini.

Mun wuce Jaji da kaɗan sai wani mai babur ɗauke da buhuna ya ratso titi ba tare da ya waiga ba. Na taka birki da duk ƙarfina. Tayoyi suka yi ƙara, kular abincin da ke ajiye a baya ta yi tsalle ta daki gaban mota, miya ta watsu. Hajiya, wadda ta ƙi ɗaura bel saboda a cewarta yana shaƙe ta, ta bugi bayan kujerar uwargida da goshi, tabaraunta ya faɗi. Allah Ya kiyaye, ba mu taɓa mai babur ɗin ba. Na gangara gefen titi jikina na rawa, na zagaya na buɗe ƙofar baya. Ummi na nan kwance a kujerarta, ta buɗe ido tana kallon kakarta da ke ta salati, ko kuka ba ta yi ba.

Ba zan ce wannan birkin ya tabbatar da wani abu ba. Mai yiwuwa ko da tana kallon gaba ba abin da zai same ta, tunda ba karo muka yi ba. Amma na ga inda kular nan ta tashi da inda ta sauka, kuma na san cewa awa goma sha biyu kafin nan hannuna na kan kujerar ina shirin kwance ta. Hajiya ba ta ce na yi gaskiya ba, manya ba sa faɗin haka. Ta dai goge tabaraunta, ta jawo bel ɗin gefenta ta miƙa wa uwargida ta ce, "Ke, nuna mini yadda ake maƙala abin nan."

Ga iyayen da ke tsaye inda na tsaya a wancan dare, abin da na koya shi ne ba ranar haihuwa ke yanke hukunci ba, ba kuma kukan yaro ko surutun dangi ba. Takardar da ke jikin kujera da ma'aunin asibiti ne ke yankewa. Lokacin sauyi ya yi idan yaro ya kai iyakar nauyi ko tsawon da aka rubuta, ko kuma tsakanin saman kansa da bakin kujerar bai kai santimita biyu da rabi ba. Ƙananan kujerun jarirai masu hannu galibi a kilo 13 suke tsayawa. Idan yaro ya fi ƙarfin irin wannan tun bai shekara biyu ba, abin nema shi ne babbar kujera da ita ma ake iya kafawa tana kallon baya. Kada a taɓa ajiye kujera mai kallon baya a gaba, inda jakar iska ke fashewa lokacin haɗari, domin ƙarfin fitowarta kaɗai na iya kashe jariri. A matse igiyoyi yadda ba za a iya tsunkular su da yatsu biyu ba. Wanda zai sayi ta gwanjo ya duba ranar ƙira da wa'adinta, ya guji wadda ta tsage ko ta rasa takardar gefe, tunda ba ya da tabbacin ba ta taɓa shiga haɗari ba. Da bazara kuma a taɓa ƙarfen maƙalin kafin a sa yaro, domin yana ƙuna.

Kukan da ke damuna ma ya sami magani mai sauƙi. Mun ɗaura ƙaramin madubi a matashin kujerar baya, yanzu ina ganin fuskarta ta madubina. A doguwar tafiya uwarta kan zauna kusa da ita, kuma mukan tsaya duk bayan kamar awa biyu ta miƙe ƙafa.

Na san akwai mai karatun da zai ce wannan damuwar masu mota ce, a ƙasar da mafi yawan jarirai ke tafiya a goye kan babur ko a cinya cikin a-daidaita-sahu. Yana da gaskiya, kuma kujerar ba ta da arha. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a gaban mota. Duk da haka kullum sai ka ga mota mai tsada, uba na tuƙi, jariri na kan cinyar uwa a gaba, ko ma a kan cinyar direban yana wasa da sitiyari. Wannan ba talauci ba ne. Hannun uwa, komai ƙaunarta, ba zai iya riƙe yaro ba idan aka yi karo. Wanda ke da halin mota da mai yana da halin kujera. Mu kuma dangi da abokai da muke tara wa mai jego kayan sawa kala ashirin ranar suna, waɗanda jariri zai fi ƙarfinsu cikin wata uku, me zai hana mutum biyar su haɗa kuɗi su kawo kujera ɗaya? Wanda bai samu ba, aƙalla ya koma da yaro baya, kuma kada ya haɗa kansa da shi cikin bel guda.

Yau Ummi na da shekara 2 da wata 7, nauyinta kilo 13, kuma har yanzu baya take kallo. Takan ba ni labarin motocin da ke bin mu, ta ɗaga wa direbobin tirela hannu. Ranar da ma'auni ya ce lokaci ya yi, zan juya ta da hannuna, in yi murna kamar kowane uba. Hajiya kuwa ba ta daina tsokana ba. Duk zuwanmu Zariya takan leƙo mota ta ce, "Har yanzu ba a yafe wa kishiyata ba?" Amma da ƙanwata ta haihu bara, Hajiya ce ta kira ni da kanta, ta tambaye ni nawa ake sayar da irin kujerar.