Dattijon Bosso da Kan Jirgin Wushishi

A garin Bosso, gefen babbar hanyar da ta fita daga Minna ta nufi Zungeru, akwai wani dattijo da shekarunsa suka doshi tamanin, wanda yaran unguwa ba su san shi da wani suna ba sai Baba Fayaman. Duk wanda ya yi sallama a zaurensa, abin da idonsa zai fara gani shi ne wani tsohon shebur rataye a bango, bakinsa ya cinye, ƙotarsa ta yi sulɓi saboda shan hannu. Ba a ɗibar yashi da shi, ba a kwasar shara da shi, ko aro ba a bayarwa. Da shi ne mai gidan ya yi shekara goma sha biyu yana ciyar da wutar jirgin ƙasa, tsakanin Minna da Kaduna da kuma Minna da Jebba, a zamanin da jirgi ke tafiya da kwal da ruwa.

Fayaman, ga wanda bai riski zamanin ba, shi ne mai zuba kwal, watau mataimakin direba. Dattijon ya shiga loko na Minna a 1962 yana ɗan saurayi, ya fara da goge-goge da kwasar toka kamar yadda kowa kan fara, sa'an nan aka ɗora shi a kan jirgi. Lokacin da ya kusa zama direba, sai aikin ya kuɓuce masa. Tun tsakiyar shekarun 1950 aka soma shigo da kawunan jirgi masu shan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke kwal ɗin Inugu, kuma cikin shekarun 1970 masu kwal suka riƙa komawa gefe ɗaya bayan ɗaya. An mai da shi kan dizal, ya tuƙa har ya yi ritaya, amma in ana hira ba ya lissafa waɗannan shekarun. Cewa ya ke wannan zama ne a kan kujera.

Kusan kowace Asabar, in jiki ya yarda, ya kan hau Keke Napep zuwa tashar jirgin Minna. Ba tafiya za shi ba, ba kuma baƙo zai tarya ba. Wani ɗan ƙaramin kan jirgi ya ke zuwa dubawa, wanda aka girke a tashar don tarihi, kan jirgin Wushishi mai lamba ɗaya. Fasinjoji da 'yan talla sun saba wuce shi ba tare da sun ɗaga ido ba, alhali kuwa duk Arewa ba a yi kan jirgin da ya riga irinsa taka ƙarfe ba.

Labarinsa ya faro ne daga Gwamna Lugga. Da ya zaɓi Zungeru ta zama hedkwatarsa, sai ya tarar jiragen ruwa masu hawowa kogin Kaduna ba su iya kaiwa garin, dole a sauke kaya a ƙasa a ɗauko a ka. Saboda haka a 1901 aka shimfiɗa siririyar hanyar dogo daga Wushishi zuwa Zungeru, mil goma sha biyu, a 1902 kuma aka ƙara ta mil goma zuwa Barijuko. Kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila shi ya ƙera kawunan da suka ja kaya a kanta. Hanyar ba ta yi tsawon rai ba. An fara gina babbar hanya daga Baro a 1907, ta biyo ta Minna ta isa Kano a 1911, wadda ta taso daga Ikko ta Jebba ita ma ta zo ta haɗe da ita a Minna, sai ta Wushishi ta rasa amfani. Aka kwashe kayanta aka kai wa ƙaramar hanyar Zariya zuwa Jos, wadda ta yi ta jigilar kuza har aka rufe ta a 1957.

Dattijon yana da wani amini, tsohon malamin makaranta, wanda bai taɓa yarda da wannan ziyara ta Asabar ba. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce. Ya kan ce masa, "Malam, abin da ka ke zuwa gaisarwa kayan yaƙi ne. Daga Zungeru aka shirya wa Kano da Sakkwato a 1903, kayan sojan kuwa wa ya ɗauko su daga bakin kogi?" Sa'an nan ya tuna masa aikin diga, yadda aka riƙa ɗora wa sarakuna da dagatai adadin ƙartin da za su kawo daga ƙasar Nufe da ƙasar Gwari, ko mutum yana so ko ba ya so, ko da kuwa damina ce gona na jira. A 1909 har bore ya tashi a Gussoro ta ƙasar Kuta, aka yi asarar rayuka.

Baba Fayaman ba ya musun ko ɗaya. Kakansa na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kora diga, kuma tun yana yaro ya ji labarin a ɗakin tsohuwarsa. Amsarsa guda ce, ya kan ce in Bature ya zo da ƙarfen, ai wuyan kakanni ne ya ɗauki ƙasar da aka ɗora shi a kai, kuma hannun 'ya'yansu ne ya riƙe wutar shekara saba'in. Wanda ya bar abin ya ruɓe don haushin Lugga, gumin gidansu ya zubar. Malamin ya kan girgiza kai, su ci goro, mako ya zagayo su sake. A wannan gardama dai mai zuba kwal ya fi malamin kusa da gaskiya, ko da ya ke malamin ya fi shi iya tsara magana.

Abin da ke damun dattijon a zahiri wani ne dabam, kuma ya daɗe bai sami wanda zai faɗa wa ba. Ƙarfe yana iya shekara ɗari a tsaye in ana shafa masa fenti. Sanin yadda a ke tashinsa shi ne ba ya zama a bango. Cikin abokan aikinsa na loko, waɗanda suka san yadda a ke kunna tukunya mai sanyi tun tsakar dare, a bi ta a hankali sa'o'i da dama don kada ƙarfe ya buɗe da gaggawa ya tsage, saura 'yan ƙalilan, su ma yawanci ido ko ƙafa ta hana su fita.

In ya sami mai saurare, sai ka ga tsufa ya sake shi. Zai bayyana cewa wutar tana cikin wani akwatin ƙarfe da ruwa ya kewaye, zafinta na bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa tukunyar, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururin ya tura fistin gaba da baya, sandunan ƙarfe su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi ya ke fita, yana fita yana jan iska ta cikin wutar, watau gwargwadon wahalar da jirgi ke sha, gwargwadon yadda ya ke hura wa kansa wuta. Wannan fitar ita ce ƙarar nan da yara ke kwaikwayo, bugu huɗu a kowane juyin ƙafa, kuma ƙwararren direba da kunne ya ke gane in ɗaya daga cikin huɗun ya yi rauni.

Zuba kwal kuwa ba ƙarfi ba ne kawai, ko da ya ke tsakanin Minna da Kaduna mutum zai ɗaga abin da ya isa ya karya ƙato. Kaɗan-kaɗan a ke watsawa, a kai kusurwoyi, kada a tara a tsakiya, kada a bar rami inda iska mai sanyi za ta shiga. Baƙin hayaƙi, wanda masu ɗaukar hoto ke so, a wurinsa abin kunya ne, alama ce ta kwal da ya tafi a banza. Kwal ɗin Inugu, in ji shi, yana da saurin kamawa amma ga toka ga tartsatsi, da rani sai an yi hattara da ciyawar gefen hanya. Ido ɗaya kuma kullum yana kan ɗan gilashin da ke nuna ruwa, domin in ruwa ya sauka ya bar saman akwatin wuta a fili, akwai wata toshiya mai darma da za ta narke ta yi gargaɗi, kuma fayaman da toshiyarsa ta narke ya gama ɗaga kai a loko. Kafin a kai hawa, wajen Gwada ko Sarkin Pawa, tun da nisa a ke gyara wuta; wanda ya jira sai ya ga tudu ya makara. Ba ya ɓoye wahalar. Gabanka na ƙuna, bayanka na shan hunturu, ga tabon ƙuna a damtsensa har yau, kuma azumi a kan jirgi mai kwal, ya ce, sai wanda ya yi.

Mai sauraren da ya daɗe yana nema ya zo ne daga inda bai zata ba. Cikin ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke haya a gidansa akwai wani mai karatun injiniya, wanda wata rana da dare ya miƙo masa waya ya ce, "Baba, dubi 'yan'uwan mutuminka." Hoto ne mai motsi na wani ƙaramin kan jirgi yana jan taragai cikin korayen tuddai. Dattijon ya karɓa, ya kanga a kunne kafin ya duba, ya ce a maimaita. Sau huɗu aka maimaita.

Yaron ya yi masa bayanin abin da ya karanta. A Birtaniya jiragen gwamnati sun daina aiki da kwal a 1968, amma tun 1951 wasu masu sha'awa suka karɓi wata ƙaramar hanya mai suna Talyllyn a yankin Wales suka ci gaba da tafiyar da ita da kansu, ba albashi. Daga nan abin ya yaɗu. Likita da akawu da ɗan fansho su kan ba da ranakun hutunsu, wani ya goge, wani ya sayar da tikiti, wani ya koyi zuba kwal a hannun tsofaffin ma'aikata, jama'a kuma su biya kuɗi su hau don nishaɗi. Daga wata makwantar tsofaffin ƙarafa guda ɗaya a garin Barry an fanshi kawunan jirgi 213 da aka kai don a yanka. A 2008 ma wata ƙungiya ta gama ƙera sabo fil, mai suna Tornado, da kuɗin karo-karo.

Wanda ya fi taɓa dattijon shi ne labarin hanyar Welshpool zuwa Llanfair, ita ma a Wales, mai tsawon mil takwas da ɗoriya. Da aka rufe hanyar jirgin Saliyo a 1974, mutanen wannan hanya suka sayi kan jirgi ɗaya da taragan fasinja, suka kai su can a 1975, ya yi shekaru yana jan masu yawon buɗe ido. Kamfanin Hunslet ne ya ƙera shi a 1954, faɗin hanyarsa kuma ƙafa biyu da inci shida. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai faɗin na Wushishi ke nan, gida ɗaya suka fito.

A nan ne kuma zancen ya ke da ɗaci. Hanyar da ta ratsa tashar Minna faɗinta ƙafa uku da inci shida ne, sabuwar da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 ta fi haka faɗi. Kan jirgin Wushishi, ko da a ce gobe an tashe shi, ba zai hau ko ɗaya ba. Tun da aka rufe hanyar Zariya zuwa Jos ya rasa inda zai taka. Abin da a ke da shi a ƙasar nan ajiya ce ta kallo: kayan ƙaramar hanyar da aka adana a gidan tarihi na Jos, da gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta da ke Ikko. Ajiyar tana da kyau, kuma waɗanda suka yi ta sun cancanci yabo, sai dai yaron da ya ga kan jirgi a tsaye shiru bai san abin da kakansa ya ji ba sa'ad da ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsa.

Ɗalibin, da zafin ƙuruciya, ya fara lissafin rabin mil na siririyar hanya a wani fili, da ɗalibai masu aikin sa kai, da 'yan makaranta masu biyan kuɗin hawa. Dattijon bai kashe masa gwiwa ba, bai kuma biye masa ba. Ya ce hanya ba ita ce farko ba, tukunya ce. Tukunyar da ta haura shekara ɗari da ashirin ba a sa mata wuta don sha'awa, sai an buɗe an auna kaurin ƙarfenta an gwada ta da ruwa, in ba haka ba a kashe mutane. Kuma abin ba nasu ba ne, yana da masu shi, sai da izini. Amma ya ce akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. Tun daga wannan mako, bayan sallar isha'i, yaron kan zauna a zaure da littafi da waya, dattijon na faɗa yana rubutawa, daga yadda a ke jera itacen kunna wuta har zuwa yadda a ke zuba yashi a kan ƙarfe in ƙafa tana sulɓewa da damina. Wata rana ma aka sauko da shebur daga bango, karo na farko cikin shekaru, aka zana ƙofar wuta da gawayi a jikin katanga, yaron ya yi ta watsa tsakuwa yana kuskure, tsoho na gyara masa tsayuwar ƙafa. Malamin makaranta da ya tarar da su ya ce hauka ta sami magaji, amma bai tafi ba, ya zauna yana kallo har aka tashi.

Asabar da ta biyo, su uku suka hau keke zuwa tasha. Yaron ya auna tsakanin ƙafafun da tef, ya sami abin da aka faɗa masa. Dattijon ya gaisa da mai gadi, wanda ya san shi, sa'an nan ya fito da wata 'yar guduma daga aljihun rigarsa, ya ɗan ƙwanƙwasa jikin ƙarfen a wuri uku, yana kanga kunne bayan kowane bugu.

"Baba, me ya ce?" in ji yaron.

"Daga waje ba a ji sosai," in ji dattijon, yana mai da gudumar aljihu. "Mako mai zuwa ka zo da tocila, mu roƙi shugaban tasha ya bari mu leƙa cikin akwatin wutar."