Sai ki rage ƙiba tukuna: sikeli da neman haihuwa

Jama'a, akwai wata magana da ta tsaya mini a rai, bari in ajiye ta a nan.

A Ingila, hukumar lafiyarsu ta NHS tana biya wa mata kuɗin dashen ciki, wato IVF. Amma a mafi yawan yankuna akwai sharaɗi: ma'aunin BMI na mace kada ya wuce 30. Lissafin shi ne a raba nauyinki da tsawonki sau tsawonki. Ke nan mace mai tsawon mita 1.6, da zarar ta kai kilo 77, an rufe mata ƙofa.

'Yar ƙanwar mamata tana aikin jinya a can. Shekarunta 38, aka ce ta je ta sauke kilo 14 ta dawo. Ga shi ƙa'idarsu ta 2013 ta ce mace ƙasa da shekara 40 a gwada mata sau uku, daga 40 zuwa 42 kuma sau ɗaya tak. Tana fama da sikeli, shekaru na tafiya. Duk ran da muka yi waya sai jikina ya yi sanyi.

A gaskiya likitocin suna da hujja. Ƙiba tana ƙara haɗarin ɓari, da hawan jini da ciwon suga lokacin goyon ciki, kuma kuɗin gwamnati yana da iyaka. Sai dai fa mata da yawa suna da ciwon PCOS, wanda shi ne ke kawo ƙibar, shi ne kuma ke hana ƙwai fita. Wato alamar ciwon ce ake hana ta magani da ita. A 2016 an wallafa wani bincike daga Holan: matan da aka sa suka yi wata shida suna rage ƙiba kafin magani ba su fi waɗanda aka fara wa nan take samun haihuwa ba.

To mu fa a nan? Daga Kakuri zuwa Barnawa har Sabon Tasha, namu sikelin aljihu ne. IVF miliyoyin naira ne, kuma daga aljihunki za su fito, ko a asibitin gwamnati ne. An sa hannu a dokar NHIA a 2022, amma mai neman dashen ciki har yau gida take sayarwa ko ta shiga adashe.

Abin da ya fi ba ni haushi, mu da kanmu muke ɗirka wa amare sha-ka-fashe don su ciko kafin biki. Shekara uku babu ciki, sai dangin miji su koma cewa ai kitse ne ya toshe mata mahaifa. Haba! Shi kuma oga ko gwajin maniyyi ya ƙi yi, alhali shi ne gwaji mafi sauƙi, kuma sau da yawa matsalar daga namiji take. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da rashin haihuwa a rayuwarsa. Maza na cikin lissafin.

Roƙona shi ne, ranar da NHIA ko KADCHMA za su fara tallafa wa masu neman haihuwa, kada a kwafo lambar Ingila a manna. A duba suga, a duba jini, a duba shekaru, a haɗa mace da masanin abinci, amma kada a cire ta daga layi tana jira.

'Yar'uwa, in shekara ta cika babu ciki, ku je asibiti ku biyu. In kin haura 35, wata shida ya isa. Allah Ya ba duk mai nema. Matan da ke nan, me aka taɓa faɗa muku a kan ƙiba da haihuwa?