Ranar Da Baƙar Leda Ta Fi Gilashi Gani

Duk wanda ya leƙa ɗakin gwaje-gwajen sashen lantarki a zangon nan ya san ni, ko da bai san sunana ba. Ni ne mai yawo da guntun bututun ruwa ina auna shi a kan kowane soket, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini "Mai Hangen Aljanu". Tun da na kare furojet ɗina, kuma kwanakina a makarantar nan sun zama ƙidayayyu, bari in faɗi abin da ke cikin bututun nan da dalilin da ya sa na ɗora wa kaina wannan wahala.

Ina cikin watannin SIWES bayan ND I shagon ɗinkin kawuna ya ƙone. An kawo wuta cikin dare, kafin asuba kekuna huɗu da atamfofin mutane na Sallah sun zama toka. Mai wayarin da ya duba ya ce daga akwatin canja layi wutar ta tashi, inda wata waya ta yi sako-sako a bakin kusarta. Kawu ne ke biya mini kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifina, don haka gobarar nan har aljihuna ta taɓa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da muka yi a aji tun zangon farko: zafin da waya ke fitarwa shi ne karant sau karant sau turjiya. In mahaɗa ta saki har turjiyarta ta kai om 0.1, aka ja amfiya 15 ta cikinta, wat 22.5 ke nan ke taruwa a wurin da bai fi ƙwayar wake ba. Irin wannan mahaɗa takan yi makonni tana zafi kafin ta kama. Da akwai idon da ke ganin zafi, da an gan ta tun da wuri.

Idon kuwa akwai shi. A wurin da na yi SIWES na ga wani injiniya da kyamarar zafi yana duba taransifoma, duk inda ya yi zafi sai ya fito ja a allo. Na tambayi kuɗinta, ya faɗa, na yi shiru. Da muka dawo makaranta sai na rubuta wa malamin da ke duba aikina cewa zan haɗa mai araha, wadda mai wayarin unguwa zai iya saya. Malam ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Sensa za ka samu. Ka yi tunanin idon da za ka sa mata?" Na ce, "Malam, ai akwai matattun kyamarori birjik a kasuwar 'yan waya." Ya yi murmushi ya sa hannu. Sai daga baya na gane ma'anar murmushin.

Sensar da na saya ita ce MLX90640 ta kamfanin Melexis. Hotonta ɗigo 32 ne a kwance, 24 a tsaye, kuma tana zuwa da ɗan ƙaramin idonta mai buɗewar digiri 55. Umma ce ta ba ni kuɗin daga kwasar adashinta. Ranar da hoton farko ya fito a kwamfuta, tafin hannuna ja a kan shuɗi, har tsalle na yi. Murnar ba ta daɗe ba. In ka raba digiri 55 gida 32, kowane ɗigo yana ɗaukar kusan santimita 3 daga nisan mita ɗaya. Kan kusar da nake nema bai fi santimita ɗaya ba, don haka zafinta yakan narke cikin sanyin abin da ke kewaye da ita. Kafin in gan ta sosai sai na matso kamar santimita 30, wato in cusa kaina cikin akwatin da wuta ke ciki. Ina bukatar wani ido a gaba da zai jawo mini abin kusa.

Na ciro ƙwayar idon wata tsohuwar kyamara na ɗora. Allo ya zama launi ɗaya, ba hannu ba komai. Na sa gilashin ƙara girman rubutu, haka. Na ari tabarau ɗin abokin ɗakina, haka. Cikin haushi na jawo baƙar ledar da muka sayo burodi na rufe sensar da ita zan tafi masallaci, sai na ga inuwar hannuna tana motsi a allo ta cikin ledar.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, karatu na yi. Hasken da idonmu ke gani tsawon zangonsa daga maikiromita 0.4 zuwa 0.7 ne. Jikin mutum da waya mai ɗumi suna fitar da nasu hasken, infared, wanda ya fi ƙarfi tsakanin maikiromita 8 da 14. William Herschel ne ya fara gano irin wannan haske a Ingila a 1800, lokacin da ya raba hasken rana launi-launi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja inda ido ba ya ganin komai, ya ga ma'aunin ya hau. Gilashin taga da na tabarau suna shanye wannan dogon zango gaba ɗaya, a wurinsa bango ne. Siririyar leda kuwa, ko baƙa ce, tana barin mafi yawansa ya wuce. Ashe duk matattun kyamarorin kasuwa ba su da abin da za su yi mini.

Da me ake yin idon kyamarar zafi ke nan? Mafi shahara shi ne jamaniyom, wani sinadari mai ƙyalli kamar ƙarfe da Clemens Winkler ya gano a Jamus a 1886. In ka riƙe shi ba ka ganin komai ta cikinsa, amma zafi na ratsa shi. Ƙarfin lanƙwasa haskensa ya kai 4, na gilashi kuwa 1.5 ne, shi ya sa ɗan lanƙwaso kaɗan ya isa a yi ido mai ƙarfi. Sai dai wannan ƙarfin ne ke sa kowace fuska tasa ta mayar da kusan kashi 36 cikin ɗari na hasken baya, dole sai an yi masa wani shafe na musamman, shafen ma kuɗi ne. Ba a haƙo shi shi kaɗai, wajen tace zink da tokar kwal ake tsinto shi kaɗan-kaɗan. Ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa, kuma tun Agustan 2023 ta sa sai da izini ake fitar da shi. Ga shi ɗaya bayan ɗaya ake sassaƙa kowace ƙwaya a goge ta. Da na ga farashin guda ɗaya mai faɗin murfin kwalba, na gane inda kaso mai tsoka na kuɗin kyamarar injiniyan nan ya tafi.

Manyan kamfanoni ma tsadar na damunsu. Hanyar da suka bi ita ce gilashin kalkojenaid, wanda ake haɗawa da salfa ko seleniyom ko teluriyom a madadin iskar oksijin da ke cikin gilashin da muka sani. Amfaninsa shi ne ana iya ɗumama shi a matse a cikin mazubi, kamar yadda ake buga bulo, a fitar da dubbai masu siffa ɗaya. Kuma saitinsa ba ya gocewa da sauyin zafin gari kamar na jamaniyom, abin da ke da muhimmanci ga mai aiki a garin da ake sanyin hunturu da asuba, a yi ƙuna a watan Afrilu. Amma arahar tasa ta mai sayen dubu ce. Ɗalibi mai neman guda ɗaya ba ya cikin lissafi.

Na gwada na talaka. Na fara da farar hular roba da ke kan fitilar tsaro mai kunna kanta in mutum ya gifta. Dangin leda ce, an yi ta siririya da tsarin zobe-zobe na Fresnel don kada kauri ya shanye zafin. Matsalar ita ce ƙananan idanu ne da yawa a haɗe, kowanne na kallon gefensa, sai hoton ya fito a cakuɗe. Na kuma karanta cewa a shekarun 1830 wani Ba'italiye, Macedonio Melloni, da dutsen gishiri ya riƙa yin idanun gwajin zafinsa. Na yi mako uku ina renon ƙanƙarar gishiri a kofi a ƙarƙashin gado. Wadda ta fito ba ta kai ƙwayar masara ba, ga ta dishi-dishi, kuma da damina ta sauka sai ta fara gumi ta narke a hannuna.

Mafita ta zo daga inda ban zata ba, shagon masu yanka allunan talla da injin leza. Hasken injin nan maikiromita 10.6 ne, tsakiyar zangon da nake nema, kuma ƙwayar idonsa wata 'yar rawaya ce ta zink selenaid. Da yake injinan sun yi yawa a duniya, ana yin ƙwayoyin da yawa, farashinsu bai kama ƙafar na jamaniyom ba. Na yi odar guda biyu masu faɗin milimita 20, ɗaya mai nisan tara haske milimita 101.6, ɗaya 50.8. Ranar da nake waya ina tambaya ko ƙwayoyin sun iso, Umma ta tsare ni a tsakar gida: "Wace ƙwaya kake saya, kai da ban san ka da shaye-shaye ba?" Sai da na nuna mata hoto. Gargaɗi ga mai son gwadawa: kada ka goge ta da fayil ko ka fasa ta, ƙurarta guba ce.

Na jera su a bututun roba biyu, ɗaya na zamewa cikin ɗaya don saiti, tazararsu kusan santimita 15. Wannan ya ninka girman abu sau biyu, hoton ya fito a kife, na juya shi a cikin lambobin kwamfuta. Daga mita ɗaya kowane ɗigo ya koma santimita ɗaya da rabi. Amma araha ba ta ado. Saboda ƙanƙantar ƙwayoyin, da'ira mai faɗin ɗigo goma kacal ta rage mini a tsakiya, sauran allon duk cikin bututun nake gani. Bututun ma yana fitar da nasa zafin, in na riƙe shi minti biyu sai shatin yatsuna ya bayyana a hoton, dole na yi masa mariƙin katako. Lambobin zafin su ma sun goce, sai da na sake daidaita su da ruwan ƙanƙara da ruwan shayi da ma'aunin zafi na ɗakin gwaji. Na kuma koyi cewa jan ƙarfe mai ƙyalli maƙaryaci ne, zafin jikinka yake mayar maka kamar madubi, don haka robar wayar da ke dab da kusar ake aunawa.

Wani dare abokin ɗakina, wanda ƙauyensu ke fama da ɓarayin shanu, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Wannan zai iya hango mutum a daji da dare?" Na san dalilin tambayar. Na yi masa lissafin a bayan littafi: daga mita 50 kowane ɗigo na sensata mita ɗaya da rabi ne, ko da bututun santimita 75 ne, mutum ba zai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Masu hangen nesa irin na sojoji suna da ɗigo dubbai masu yawa da ƙaton ido mai faɗi, kuma in ka ninka faɗin ido sau biyu, abin da zai ci na jamaniyom ya haura ninki huɗu. Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ban ji daɗin amsar da na ba shi ba, amma ƙarya ce kawai za ta fi ta daɗi.

Gwajin ƙarshe a sabon shagon Kawu na yi shi, ana guga, kekuna biyu na aiki. Na buɗe murfin akwatin na ja baya. Wayoyi biyu sun fito shuɗi-shuɗi, ta uku ta yi ja a bakin kusarta, ta ɗara 'yan uwanta da fiye da digiri 20. Muka kashe wuta daga mita, na sa sukundireba, kusar ta juya sau ɗaya da rabi kafin ta kama. Muka mayar da wuta, bayan rabin awa duk ukun launinsu ɗaya. Kawu bai ce komai ba sai da na fara naɗe kaya, sannan ya ce, "Gobe ka zo ka duba wa maƙwabcina."

Ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga waje ya yi mini tambayar da nake tsoro: me ya sa mai wayarin ba zai sayi bindigar auna zafi irin ta lokacin korona ba, tun da ta fi araha? Na ce, "Yallaɓai, ita sai ka riga ka san inda za ka auna. Wannan ita ke nuna maka wurin." Ya ce, "Da ɗigo goma?" Na ce, "Da ɗigo goma, Yallaɓai. Kusa uku nake son bambancewa daga mita ɗaya, kuma sun isa." Ya rubuta wani abu, bai nuna mini ba.

Wannan amsar ita ce abin da na fita da shi daga aikin nan, kuma da na san ta tun farko da kuɗin Umma bai sha wahala haka ba. Na fara ne da burin yin irin kyamarar injiniyan nan a farashin talaka, abin da ba zai yiwu a teburin hostal ba. Tambayar da ta kamata in fara da ita ita ce: mene ne girman abin da nake son gani, kuma daga wane nisa? Amsarta ce ke faɗa maka ɗigo nawa kake bukata da faɗin idon da za ka biya wa kuɗi. 'Yan ND I da za ku zaɓi taken furojet baɗi, ku yi wannan lissafin a takarda kafin ku taɓa kuɗin iyayenku.

Bututun yana nan a kabad ɗin sashenmu, na bar shi tare da duk ma'aunan da na ɗauka. Wanda ya samu ƙwaya mai faɗin milimita 25 ko fiye, da'irar za ta buɗe, ya ɗora daga inda na tsaya. Kafin nan, in kun je hutu, ku sa mai wayarin ya kashe wuta ya ɗaure kusoshin akwatin gidanku. Allah ya tsare mu daga gobara, ya ba mu sa'ar jarrabawa.